Is'haƙa da Tayin Ƙarya

Shekara tara Is'haƙa ya yi yana kabu-kabu da moto, wato babur, a Dogon Dutsi, kafin wata babbar mota ta ture shi a bakin gudron, titin kwalta, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Da ya warke sai ya sayar da moton, ya kafa tebur kusa da tasha yana cajin waya. A nan mutanen ƙauye suka fara kawo masa tsofaffin kuɗi, kwabo mai huji ko dalar azurfa mai kan mace, suna tambayar ko akwai mai so. Ya koyi gwada su da mayen ƙarfe, ya koyi gane ƙarar azurfa idan ta faɗi kan siminti.

Masu so kuwa suna cikin waya. Mus'ab, abokinsa tun lakwal, makarantar boko, yana da zauren gwanjo mai mutum fiye da ɗari biyu, daga Yamai har Sakkwato. A sa hoto da safe, a yi ta tayi, bayan la'asar wanda ya fi ya ɗauka.

Sau biyu Mus'ab ya ce masa ya shiga da lambarsa ta biyu ya ɗaga tayi, alhali ba saye zai yi ba. Sau biyu ya yi. A na biyun, wani tsohon malamin makaranta a Doso ya yi ta bin sa har ya sayi kwabo ninkin kuɗinsa, sannan ya turo saƙon murya yana godiya. Kwana uku Is'haƙa yana jin muryar tsohon a kunnensa.

Ana tsakiyar rani Habsatu ta zo, wata Bafulatana daga Dogon Kiriya, da daloli huɗu da mahaifiyarta ke ɗaurawa a kitso. Dusa take so ta saya wa shanunta. Is'haƙa ya tura hotonsu, Mus'ab ya gani ya kira nan take.

"Wanga kaya zai tashi. Shirya lambar taka."

"Na bari."

"Kai, matar ga za ta ci riba, ba ni ba. Ba ka tausayinta?"

"Ina tausayinta. Amma wanda za a zalunta shi ma ɗan wani ne. Tare muka zauna karatu aka ce haramun ne, Mus'ab."

"To, mi za ka yi?"

Abin da ya yi shi ne ya danna wayarsa ya yi magana cikin zauren, kowa na ji. Ya fara da kansa. Ya faɗi lambarsa ta biyu, ya faɗi ranakun, ya nemi gafarar malamin da sunansa. Kafin a kira azahar an fitar da Is'haƙa daga zauren.

Mutum goma sha ɗaya suka neme shi daga baya, da su ya buɗe nasa zauren. Sharaɗinsa, duk mai tayi ya faɗa da muryarsa, ya ambaci sunansa da garinsu. Dalolin Habsatu suka tafi ƙasa da abin da ta sa rai. Bai ɓoye mata dalili ba. Ta daɗe tana kallonsa, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta tafi ba sallama.

Bayan sati Mus'ab ya zo har teburin, ya zauna a benci.

"Ka ce sace maka waya aka yi, in maida kai cikin zauren yau. Abokanmu goma sha ɗaya sun fita, suna zagina."

"Muryata ce suka ji. In ce da ita aka haɗa aka sace?"

"Za ka ƙare kana cajin waya, da gurguwar ƙafa."

"To. Ƙafar tawa ce."

Mus'ab ya tashi. Tun ranar ba su sake gaisawa ba, ko da sun haɗu a sahu ɗaya ran Juma'a. Zauren Is'haƙa bai kai mutum arba'in ba har yau, wani satin ma ba a sayar da komai. A tasha ana ce masa mai taurin kai, yana amsawa. Watan jiya ya fitar da ƙanin matarsa saboda ya taya da sunan wani.