Umaru Giwan Ruwa da firam ɗin da ya ce ya gaji

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an sauko daga sallar azahar, ina rumfata a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, ina ɗaure wa wani malamin makaranta birki, sai wata motar haya da ta fito daga Argungu ta tsaya a bakin titi. Direban bai kashe mota ba. Ya leƙo ya tambaya ko ni ne Bello mai gyaran keke, na ce ni ne. Ya ce an aiko shi ya shaida mini Allah ya yi wa Umaru Giwan Ruwa rasuwa da hantsi, za a kai shi bayan la'asar. Na yi salati. Amma hannuna bai bar murɗa notin da nake murɗawa ba, har sai da mai keken ya karɓe sifana, ya ce in tashi in nemi mota.

Na san Yaya Umaru tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Ɗan masunta ne, ya tashi yana tura kwalekwale da gora a gulbi, daga baya ya koma ɗauko albasa daga Augie a bayan keke. A nan ƙafafunsa suka yi ƙarfin da ya sa aka raɗa masa sunan babban kifin gulbinmu. Da aka ba mu jiha, aka tara 'yan tseren keke a Birnin Kebbi, shi ne babbanmu. Ni ma na taɓa tsere, amma hannuna ya fi ƙafata amfani, sai aka bar mini kula da kekunan.

Mutum ne mai ƙarfi wanda ƙarfinsa bai sa shi raina kowa ba. Ko a tsakiyar tsere, in zai wuce ka sai ya yi maka sallama. Yakan ce, "Hanya ba ta kowa ba ta, wanda kaw wuce yau shi ka ba ka ruwa gobe." Na sha ganin ya tsaya a lokacin atisaye don ya mayar wa wani manomi sarƙar kekensa, ya baro wurin da baƙin mai a hannu, ya kuma cim mana kafin mu kai Argungu. In mun dawo, ba ya zuba wa kansa ruwa sai ya goge kekensa. Ya ce jaki in ya ji ciwo yana kuka, keke kuwa ba shi da baki, don haka mai shi ne zai yi masa kunne.

A daminar bara ya zo rumfata da wata magana da har yau ban san inda zan ajiye ta ba. Ya jingine kekensa na tsere, ya dafa firam, wato ƙashin ƙarfen da taya da sirdi da feda duk suke ɗaure a jikinsa, ya ce, "Bello, wanga ƙarhe ya gaji. In na taka, shanye mini ƙarhi shikai."

Ban yi gardama ba, don na ga feda biyu da ya karya da ƙafarsa. Na warware keken gaba ɗaya. Na ja zare daga gaba zuwa baya in ga ko ya karkace, bai karkace ba. Na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa ina saurare, ban ji komai ba. Na gaya masa lafiya lau yake. Na haɗa masa shi, ya hau ya tafi, bayan kwana uku ya dawo da maganar nan dai.

Sai na shiga tambaya. Wani malamin koyar da aikin ƙarfe da nake yi wa gyara ya ce mini ƙarfe ba ya laushi don an hau shi. Ko dai ya tsage, ko kuma yana nan yadda aka ƙera shi, komai ƙarfin mahayi. Wani tsohon maƙeri a Argungu kuma ya ɗauko waya ya yi ta lanƙwasawa a gabana har ta katse, ya ce haka duk ƙarfe yake, yana tara wahala a cikinsa ba a gani. Na baro malamin na yarda da shi, na baro maƙerin ma na yarda da shi.

Daga ƙarshe na musanya masa da firam ɗin Sani, wani abokin tserenmu. Mako biyu yana murna, sannan ya ce wannan ma ya fara saki. Muka yi ta dariya, muna cewa sai an ƙera wa Giwan Ruwa keke da ƙarfen gada. Shi ma yana dariyar. Sani kuwa, a kan tsohon firam ɗin da aka ce ya gaji, ya fara wuce shi a hanya. Dukanmu mun ga haka, amma babu wanda ya yi tunanin komai, ni kuma da ya kamata in yi, kaina yana duƙe a kan ƙarfe.

Wata safiya bayan girbin shinkafa, muna kan hanyar Argungu, ina bin 'yan tseren da kayan gyara, na hango shi ya sauka ya zauna a gindin wata bedi, wato darbejiya. Ban taɓa ganin ya sauka don kansa ba. Yana numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da na cire masa takalmi, na ga ƙafafun sun kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa. Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ya ce in bar ƙafa in duba masa birkin baya, yana ji kamar yana riƙewa. Na juya tayar, tana gudu sumul. A asibiti aka ce zuciya ce, kuma ta daɗe.

Na ɗauki laifin na ɗora wa kaina. Wata da watanni mutum yana gaya mini ƙarfinsa yana ɓacewa, ni kuma ina nemansa da zare da sifana. Na yanke cewa malamin ne mai gaskiya, keken ba shi da laifi, kuma ko da zafi, na samu matsaya.

Ba a yi wata biyu ba, tsohon firam ɗin ya tsage a ƙarƙashin Sani, daidai mahaɗar da feda ke juyawa. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ya kuje. Da na kankare fenti na duba, rabin tsagar sabuwa ce tana ƙyalli, rabi kuma ta yi tsatsa, alamar ta daɗe a ɓoye. Wurin nan na ƙwanƙwasa shi da hannuna ban ji ba.

Na tafi Argungu na same shi a zaure, an jingina shi da matashi. Na ɗauka zai yi murna gaskiyarsa ta fito. Abin da ya fara tambaya shi ne gwiwar Sani. Sannan ya ce kada in kuskura in yi wa firam ɗin walda in ba wani ɗan mutane ya hau. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, keken yake ji a lokacin ko jikinsa. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, ya ce, "Bello, in kana bisa, ba ka sanin inda kaƙ ƙare da inda keke yas soma." Daga nan ya sa aka kawo mini fura, ya koma tambayar mutanen Birnin Kebbi. Wannan ne zamanmu na ƙarshe.

Ranar sadakar uku, mai ɗakinsa Hajo ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Ta ce ta ji ina zargin kaina, in daina. Tun kafin daminar bara ba ya iya barci sai a zaune, kuma ya hana ta gaya wa kowa, don tseren da muke shirin zuwa shi ne na farko da sunan sabuwar jiharmu, ba ya son a ce babu shi. Ta faɗa ne don ta sauke mini nauyi, sai ta ƙara mini wani. In ya san jikinsa ne, me ya sa ya yi ta kawo mini keken? In kuma fakewa yake da keken, yaya aka yi tsagar ta tabbata? Ko yana jira ne in ɗago kai in dube shi, in faɗi abin da ya kasa faɗa? Na kwana uku ina juya wannan, ban kai ko'ina ba, wanda zai warware mini kuma yana ƙasa.

Allah, kai ka san abin da ya ɓoye da dalilin ɓoyewarsa. Ka jiƙan Umaru, ka yafe masa, ka sa ciwon da ya ɗauka shi kaɗai ya zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba Hajo haƙuri, ka raya 'ya'yansa uku bisa halinsa, ka sanyaya zuciyar Inna, tsohuwarsa, wadda ta yi zaton shi zai kai ta. Mu kuma da muka yi dariya a lokacin da ya kamata mu kai shi asibiti, ka yafe mana, ka sa shi ma ya yafe. Amin.