Butar da Na Kife

Tun ban san namiji ba nake ɗauke da tsoron nan. Ina 'yar ƙarama a garinmu, can kusa da Gagarawa, yayata ta yi ɓari. Aka kore mu yara, ni kuwa na laɓe a bayan danga ina jin tsofaffin mata suna wanke zannuwa suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce mijin ne bai ɗaga mata ƙafa ba, ciki bai yi ƙwari ba yana ta zarya a ɗakinta. Ɗayar ta yi tsaki ta ce maza ai haka suke. Ban gane duka ba. Abin da na tsinta na riƙe shi ne, namiji ke sa ciki, kuma shi ke iya zubar da shi. Da wannan na girma, da shi aka kai ni ɗakin miji. Uwata ba a irin wannan magana da ita, karatuna kuwa bai wuce surorin salla da ɗan abin da babana ya koya mini a allo ba.

An kai ni wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo. Maigidana da damina manomi ne, da rani ya ɗaura wa jakunansa mangala ya tafi Maigatari saro kanwa, wani lokaci ya zarce har ƙasar Damagaram, ko da yake Nasara sun riga sun ce can ƙasa daban ce. Ba mai yawan magana ba ne. Amarya ya fara kirana, bai kuma taɓa sake mini suna ba. A gidan akwai uwarsa, da muke kira Inna, sai wansa da matar wan, wato facalata, mace mai baki da dariya.

Gidan yana da wata al'ada. Idan mace tana fashin salla ba ta faɗa da baki, sai ta kife butarta a bakin ƙofar ɗaki. Miji in ya gani ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure, ba wanda ya ce wa wani komai. Inna ce ta nuna mini tun ina sabuwar zuwa. Ita ma ba ta yi magana ba, ta ɗauki butata ta duma ta kife, ta dube ni, ta tayar da ita. Na gane.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, kowane wata butata sai ta kife, kuma duk wanda ya ratsa tsakar gida ya gani. Facalata tana goyo, tana yaye, tana wani goyon. Takan ce butar nan tawa har ta saba da kwanciya rub da ciki, in yi dariya don kada a ce na ji haushi, in shiga ɗaki in zauna.

Daga baya Inna ta kai ni Ɗanzomo wurin wata tsohuwa mai maganin haihuwa. Ta kwantar da ni ta daddanna mini mara da hannunta mai kaushi, ta ce sanyi ne ya kama mahaifa. Ta ba da saiwoyi da sassaƙe a dafa da jar kanwa in riƙa sha a kunu, da wani turare da zan tsuguna a kai. Ta ce muddin ina shan maganin kada maigida ya matso, in ya ƙare in yi wanka in nemi mijina. Tambaya ta taso mini har maƙogwaro: to in cikin ya shiga fa, sai yaya? Amma Inna na zaune a gefe tana gyara ɗankwali. Wace yarinya ce za ta yi wannan tambaya a gaban surukarta? Na haɗiye.

A bakin rijiya nakan kasa kunne. Rijiyarmu mai zurfi ce, kafin guga ya hau an yi hira an gama. Facalata takan ce ciki kamar shuka yake, sai da ban ruwa, macen da ta kori miji ɗanta zai fito kamar ƙadangare. Mata su kwashe da dariya. Wata kuma ta ce ita dai da zarar ta ga wata ya wuce ta take kulle ƙofa. Kowa da nata, kuma duk cikin wasa ake yi. Ni kaɗai ce nake jan igiya ba da wasa ba.

Maganin ya ƙare, wata ya zagayo, butata ba ta kife ba. Wani watan ma haka. Ba wanda ya ce uffan, amma Inna ta fara ƙara mini man shanu a miya, maigida kuma ya daina bari in ɗauki tulu biyu. Yana shigowa ɗakina kamar yadda ya saba. Ban hana shi ba, ban san yadda ake hanawa ba, amma duk shigowarsa gabana faɗuwa yake.

Wata safiya a ƙarshen damina ina surfe, na ji mara ta murɗa. Kafin rana ta take, cikin ya zube. Daren jiya kuwa a ɗakina maigida ya kwana. A satin nan na yi zazzaɓi mai zafi, na yi daka, na ja ruwa, amma ko ɗaya cikinsu bai zo mini a rai ba. Kowa yana cewa Allah bai nufa ba, ni kuwa muryar matan nan na bayan danga kawai nake ji. Shi ya haƙa ɗan rami a bayan ɗaki ya rufe abin da aka naɗe a tsumma. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da ƙasa a hannunsa, ya ce Allah ya ba mu mai albarka. Na kalli hannun nan, na kau da kai.

Da bazara aka sake kai ni Ɗanzomo, na sake shan maganin. Ana tsakiyar noma lokacina ya zo bai zo da komai ba. Na jira, shiru. Bakina ya fara tara miyau, warin daddawa ya fara tayar mini da zuciya. Na san abin da ke nan. Wata asuba na idar da alwala na tsaya da buta a hannu, ina jin tarin maigida daga ɗaki, sai kawai na kife ta.

Cewa na yi sati guda zan yi, ciki ya ɗan kama. Ina sallata a ɗaki, ƙofa a rufe. Sati ya cika, tsoron bai cika ba. Da abin ya yi tsawo Inna ta ce jinin da ya wuce kwanakinsa ciwo ne, in yi wanka in riƙa salla. Na ce to. Na fara salla a fili, amma in na gama alwala sai in mayar da butar a kife. Shi kuwa da ya ji an ce ciwo ne sai ya ƙara nisa, don tausayi. Ya ƙarasa daminar nan a zaure, cikin sauro, ga yayyafi yana shigowa ta ƙofa. Da safe in kai masa kunu in ga tabon cizo a hannuwansa.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Da la'asar ce, yana ba jakuna harawa, ni ina tsince wake a ɗaya gefen danga. Bai juyo ba ya ce, "Amarya, har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu."

Sai ya ce shi ne ya matsa aka kai ni wurin maganin nan, in ya yi mini illa in yafe masa. Na ce ba komai. Wake na ta zubewa daga faifai ina tsincewa.

Bayan girbi ya fara shirin tafiya. Ana ta labarin wata mura mai kisa da ta taso daga wajen Kano tana bin hanyoyin fatake, wansa ya ce ya bari sai an ga yadda za ta kasance. Ya ce ba don kanwa zai tafi ba. Ya ji labarin wani mutum gaba da Maigatari da ke da maganin tsayar da jini, kuma ba zai zauna yana kallo jini yana ƙarar da ni ba. Safiyar tafiyar na kawo masa guzuri, garin gero da ƙuli-ƙuli. Yana ɗaure mangala, wansa na riƙe da jaki, Inna na tsaye. Na buɗe baki. Amma mace ba ta cewa tana da ciki, balle a gaban wan miji da uwar miji. Kuma wani abu a raina yana cewa in na faɗa, zai fasa tafiya, zai dawo ɗaki. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya karɓi guzurin ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Ki daure, amarya. In na dawo butar nan za ta tashi tsaye."

Bai daɗe da tafiya ba, wata hantsi Inna ta shigo ɗakina da ruwan zafi da ganye, ta ce za ta gasa mini ciki ko jinin ya tsaya kafin magani ya iso. Ban sami hanyar kaucewa ba. Ta kwance mini zane ta ɗora hannu. Hannun ya tsaya a wuri ɗaya. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, ina jinin?"

Na fashe da kuka. Na faɗa mata duka, tun daga matan bayan danga har safiyar surfe. Ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi a ɗakina ba. Ta ce ta ga wuyana yana bugawa irin na mai ciki, ta ga na ƙi miyar daddawa, amma butar ta ruɗe ta. Ta ce duk 'ya'yan da ta haifa, ubansu bai bar ɗakinta ba sai da ta yi nauyi. Ta yi ɓari ita ma, kuma ɗaya ya zube ne lokacin da mijin yake can fatauci a Barno, ya yi watanni rabonsa da gida. Ta ce idan mace ta ga jini, ko mara tana ciwo, a nan ne ake cewa namiji ya dakata. In ba haka ba, ita ba ta taɓa ganin zuwan miji ya zubar da ciki ba.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

Na ce, "Kunya, Inna."

Ta ce, "Ni ma ita ce ta hana ni faɗa miki."

Da kanta ta fita ta ɗauki butar, ta ɗauraye ta, ta cika ta da ruwa, ta tsayar da ita a bakin ƙofa, daidai inda mai shigowa daga zaure zai fara gani. Facalata ta gani ta rangaɗa guɗa, Inna ta daka mata tsawa, ta ce a bari mai abin ya dawo ya gani da idonsa.

Kullum da safe sai in sake mata ruwa. In na ji kukan jaki a waje sai in leƙa in ga ko tana tsaye da kyau. Murar nan ta shigo ƙauyenmu, aka yi ta fita da makara, ta kwantar da facalata ta tashi. Ni ko atishawa ban yi ba.

Jakunan sun dawo. Abokin tafiyar maigida ne ya koro su. Ya ce a hanyar dawowa ciwon ya kama maigidana, a wani zango kusa da Maigatari, aka binne shi can tare da wasu fatake. Ya miƙo jakar mamacin. A ciki akwai ƙunshin magani a tsohuwar fata, da ɗan dabino. Ya ce mamacin ya sa shi ya maimaita yadda ake jiƙawa har sai da ya haddace, don kada a yi kuskure, kuma ya tsaya a zaure ya faɗa wa wan maigida duka, a jiƙa da daddare a tace da safe. Ina jin sa daga tsakar gida. Ba wanda ya iya katse shi.

Takabata ta ƙare ranar da na haihu, cikin zafin bazara. Namiji ne, lafiyayye, aka sa masa sunan ubansa. Ga shi ɗan fari, ga sunan miji, don haka ba ni da bakin kiransa. Yanzu yana gudu, yana bin jakunan nan da kara. In ya yi tari sau ɗaya sai in bar abin da nake yi. In yana barci nakan sa yatsa a hancinsa, facalata tana cewa zan tashe shi da tsorona.

Na koma Ɗanzomo sau ɗaya, na kai wa tsohuwar nan gero na godiya. A ranar na yi tambayar da na haɗiye. Ta ce dokarta ta kwanakin shan magani ce kawai, ba ta taɓa ce wa mai ciki ta kori mijinta ba. Abin da ya ɗauke na farkon, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ni ma har yau ban sani ba. Na dai daina ganin hannunsa a ciki.

Ke da wannan ya iso wurinki, ko kika ji ana karantawa, in akwai yarinya a gidanki da ake wa neman haihuwa, ko wata ya wuce ta, ki kira ta ɗaki ku biyu ki faɗa mata abin da Inna ta faɗa mini, da baki, kada ki jira ta tambaya, ba za ta tambaya ba. Kai kuma namiji, in ka ga matarka ta ja jiki, ka tambaye ta fiye da sau ɗaya. Sannan ku yi wa uban yaron nan addu'a. Yana kwance a wani wuri kusa da Maigatari, ban san kabarin ba.