Eriyar Baba Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, wanda duk layinmu ke kira Baba Mai Eriya. Ya rasu yana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar kwana tara. Har kwana na takwas yana mita da ma'aikatan jinya, wai rediyon ɗakinsu ba a saita shi daidai ba.

Baba, wanda ya taɓa shiga shagonka ba zai manta da teburin nan da dalma ta ƙone ba, da gwangwanayen madara cike da kusoshi, da tabaranka mai ƙafa ɗaya ta waya. Dokarka ɗaya ce a wajen saita eriya: a yanko waya da tsawo, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana duba allurar na'urar awo, har eriyar ta hau zangon rediyon da ake nema. Ranar da na zo neman 'yarka ba ka tambaye ni albashi ba. Waya da filaya ka miƙo mini, na auna, na datse lokaci ɗaya ina jin kaina gwani. Ka ce za ka ba ni aurenta, amma ina da gaggawa. Na yi dariya a ranar, ban san gaskiya ka faɗa ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin ina shugaban makarantar da ke ƙarshen layi, satar amsa ta waya ta ishe ni. Ban yi shawara da kowa ba na sayo na'urar toshe sabis, na ɓoye ta a saman kabad ɗin ofishina, na kunna. A tunanina aikinta a bakin katangar makaranta zai tsaya. Kwana uku layinmu ba a kira, ba a amsawa, ni kuwa ina cikin masu zagin kamfanin waya. A rana ta uku haihuwa ta zo wa wata mata da gardama a ƙaramin asibitin da ke bayanmu, ungozoma ta kasa kiran mota, sai da ta sheƙa da gudu har bakin titi. Allah ya tsare uwa da ɗa, amma mutane suka rantse duk wanda aka kama sai sun miƙa shi ga hukuma.

Kai ka ce musu ba kamfani ba ne, wani ne ya kunna abu. Ka haɗa eriya mai kama da ƙayar kifi, ka saita ta a zangon wayoyin hannu, ka fito kana nuna ta hagu da dama, rabin layi na biye da kai. Allura ta wuce da ku shagon tela, ta wuce kantin magani, ta shigo ƙofar makaranta, ta tsaya cak a tagar ofishina. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Ka dubi allura, ka dube ni ina gumi kamar an watsa mini ruwa.

"Wannan eriyar ba ta saitu ba," in ji ka.

Ka ciro filaya, kai da ba ka taɓa rage abin da ya wuce farce ba, ka datse kusan yatsa huɗu lokaci guda. Allura ta kwanta. Aka kwashe da dariya, tela ya ce tsufa ya zo, kowa ya kama gabansa.

Bayan la'asar ka dawo kai kaɗai. Ba ka zauna ba, ba ka kuma haɗa ido da ni ba. Ka ce in sauko da na'urar, ka kwance cikinta ka zuba a aljihu, sannan ka ce, "Abin nan bai san inda katangarka ta ƙare ba. Gobe za ka riƙe mini tsani." Washegari na riƙe tsani ka ɗora wa asibitin eriya mai ƙarfi a kan rufi, kuma ka hana ni buɗe baki har ga matata.

Tun daga ranar aka sami abin tsokana. Kullum tela zai leƙo ya tambaya ko eriya ta gano wani abu yau, ka ce tana nan tana hutu. Wasu ma suka koma kai gyara wani wuri. Ka shanye wannan duka da fara'a, a kan sana'ar da ka fi ƙauna, don kada a ce mijin 'yarka ya ji kunya.

Jiya muna kwashe kayan shago na sami eriyar nan rataye a bayan ƙofa, gajeriya kamar yadda ka bar ta. Na yi kuka, Baba, kuma na karya umarninka. Ku ji, mutanen layinmu: ni ne na kunna na'urar. Eriyar Baba ta kawo ku daidai tagar mai laifi, mai ita ne ya yi mata ƙarya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, matar Baba, da matata, da ƙannenta, da jikoki, da tela abokin wasansa, wanda ya fi kowa kuka. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri ranar hisabi kamar yadda ya rufa nawa. Amin.