Tarwaɗar Inna da Na Mayar Ruwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Harra ta Gabas a nan Madina, mu uku a motar yayana: shi yana tuƙi, kawu a gaba, ni a baya rungume da sabuwar sandar fatsa da ko ledarta ban cire ba. Ku da kuka dame ni da "ina bidiyon kamun kifin da kika yi mana alkawari," ga amsarku. Ku karanta, kada wanda ya sake tambayata.

Wata biyu na yi ina kallon bidiyon wasu Turawa masu kamun kifi a tafki lokacin kaka. Ganye ya yi ja, ruwa ya kwanta, mutum yana tsaye a ɗan jirgi ya jefa kifin roba, sai wani koren kifi mai ƙaton baki, wai shi bas, ya cafke. Ya ɗago shi ta leɓe, ya nuna wa kyamara, sannan ya mayar da shi ruwa a hankali. Wannan mayarwar ce ta fi tafiya da ni. Da na ji kawu zai je dam, na ce ƙafata ƙafarsa. Na sayi sanda da kifin roba uku, riyal tamanin da biyar.

Kawu wan Umma ne. A bakin kogi ya tashi can Sudan, gidan masunta, amma ya fi shekara ashirin yana aikin dabino a wata gona a unguwar Awali, hutunsa kwana ɗaya duk sati biyu. Matarsa, da muke ce wa Inna, an yi mata aiki a ciki, kuma tun da aka sallamo ta abinci ya ƙi shiga. Abu ɗaya ta ce ranta yana so: farfesun ɗanyar tarwaɗa ta ruwan daɗi, ba kifin teku da ake kawowa daga Yanbu ba, ba na ƙanƙara da ke zuwa a kwali ba. Dalilin tafiyar ke nan, kuma kowa ya sani ban da ni. Umma ta ce ta gaya mini a bakin ƙofa lokacin da take miƙo mini kular abinci, na ce "to, to." Na yarda ta faɗa. Abin jin waƙa ne toshe a kunnena.

Mun wuce filin jirgi gari yana fara haske, manyan motocin masu Umara suna jere suna jiran baƙi. Daga nan sai baƙaƙen duwatsu dama da hagu, da raƙuma a bayan waya suna kallonmu kamar mun ci musu bashi. Kakar Madina ba ta da jan ganye. Kakarmu ita ce ranar da za ki kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki yi barci ba gumi. Amma sanyin safiyar ya yi daɗi, kuma ruwan saman da aka yi kwanakin baya ya bar ɗan kore a gindin duwatsu.

A wani gidan mai muka tsaya karin kumallo. Burodin tamis mai zafi riyal ɗaya, ful, wato dafaffen wake, riyal biyar, shayin madara da ake ce wa karak kuwa sukari ne aka ɗiga wa ruwa. Nan na gano inda warin da ke damuna tun daga gida yake fitowa: hanjin kaza ne kawu ya ƙulle a leda tun jiya, shi zai sa a ƙugiya. Kayan aikinsa gaba ɗaya zare ne naɗe a jikin gwangwanin madara. Na ce, "Kawu, da wannan za ka kama kifi? Ai an wuce nan." Ya ce, "To, ɗiyata," ya ci gaba da tsoma tamis ɗinsa.

Bayan awa ɗaya da rabi muka sauka daga kwalta, muka bi turbar tsakuwa har dam ɗin. Wanda yake tsammanin shuɗin ruwa ya cire rai. Kalarsa kalar shayin da na bari a gidan mai, bakinsa itatuwan ƙaya da robobin ruwa da mutane suka watsar. Can nesa wasu ma'aikata biyu 'yan Bangaladash suna tsugune da zarensu. Ba jirgi, ba bas, ba Bature.

Jifana na farko, kifin roba ya maƙale a ƙaya. Na biyu ya shige tsakanin duwatsu, na ja, zare ya tsinke. Na uku ya kama gefen abayata, sai da yayana ya zo ya cire yana dariya har da riƙe ciki. Cikin rabin awa na gama da riyal tamanin da biyar. Kawu kuwa ya sami inuwar wani dutse inda ruwa ya yi zurfi, ya jefa hanjinsa, ya ɗora zaren a kan yatsa, ya zauna kamar an dasa shi.

Ba a jima ba na ga ya miƙe. Yana ja yana saki, yana ja yana saki, bakinsa yana motsi. Sai ga ta: tarwaɗa baƙa wuluk, tsawon hannuna tun daga kafaɗa, gashin bakinta yana rawa. Sau uku ya ce alhamdulillahi. Ban taɓa ganin haƙoran kawu duka a waje ba sai ranar. Na roƙe shi in riƙe a ɗauke ni. Ya cire ƙugiyar, ya nuna mini inda zan kama don kada ƙayarta ta soke ni, ya ce, "Riƙe da kyau, in ɗauko buhu a mota."

Na miƙa wa yayana waya. Na ɗaga ta, na yi murmushi, na yi wa kyamara jawabi. A raina na ce wanda ya kama ɗaya tun hantsi bai yi ba, ai goma zai kama kafin azahar. Na sunkuya a bakin ruwa. Yayana ya ɗauka laka zan wanke mata. Na ce, "Je ki, ki ƙara girma," na buɗe hannuna. Ta kaɗa jela sau ɗaya, shi ke nan.

Yayana idan ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi, sai Larabci. "Esh sawwaiti? Ya majnuna!" Wato me kika yi, mahaukaciya. Sannan ya ce, "Kifin Inna ne! Don shi muka zo!"

Ina durƙushe a wurin kawu ya dawo da jiƙaƙƙen buhu. Ya dubi hannuna, ya dubi ruwa. Ya ce, "Kuɓuce miki ta yi? Santsi gare ta." Ƙofa ya buɗe mini in fita, na sani. Amma wayar tana hannun yayana, kuma ko ba ta nan ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "A'a, kawu. Ni na sake ta."

"Don mi?"

"Haka ake yi a bidiyo."

Ban taɓa jin maganar da ta fi wannan wauta ba, kuma daga bakina ta fito. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na sami sauƙi. Ya ninke buhun, ya ajiye a gefe, ya koma gindin dutsensa ya sa wani hanjin.

Daga nan har la'asar muna wurin. Ni da nake toshe hanci a mota, da hannuna na riƙa yanka hanjin kaza ina miƙa masa. Na karɓi ragowar zare na zauna, ban taɓa waya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na gama sakandare. Rana ta take, iska ta taso, shinkafar da Umma ta zubo ta huce a kula ba wanda ya ci kirki. Abin da ruwan ya ba mu duka-duka karfasa biyu ne, kowace ba ta kai tafin hannuna ba. Da muka fara naɗe kaya na ce ko mu biya kasuwa mu sayi wani, mu ce daga dam yake. Kawu ya ce, "Innarku tun tana yarinya take gyaran kihi. Ita za ki yi wa wannan?" Kunya ta biyu ke nan a rana ɗaya.

A hanyar dawowa raƙuman suna nan inda muka bar su. Ba wanda ya kunna rediyo.

Mun isa Awali kafin magariba. Na ce su bari ni zan faɗa. Ina shiga ɗakin ƙamshin citta da tafarnuwa ya tare ni: ashe ta sa maƙwabciya ta daka kayan yaji tun rana, an wanke tukunya an kife. Inna tana kishingiɗe, ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ta ce, "Kin ce an ɗauke ta a waya. Mu gani."

Sau uku ta kalla, ta kawo wayar dab da idonta. Ta ce, "Kai, ta yi ƙiba. Da kan zan fara." Ta miƙo mini wayar ta ce in tura mata. Nan hawayen da na riƙe tun safe suka zubo, ita ce ma take ce mini, "Ke, tashi ki gyara waɗannan 'yan biyun, kada su lalace." Na gyara, aka yi romo. Cokali huɗu ta sha. Ina tsaye ina kallo.

Mun koma Harra ana kiran isha. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Abin da mai ƙoshi yake yi don nishaɗi a wata ƙasa, ba shi za ki ɗauko ki yi da abincin mara lafiya ba. In babba yana magana, ki cire abin kunne. Kuma kafin ki yi kyauta da abu, ki tambaya na waye. Hutun kawu na gaba sai nan da sati biyu, na ce zan bi shi in riƙe buhu kawai.

Bidiyon kuwa ba za ku gan shi ba. Na goge nawa. Kwafi ɗaya ya rage, a wayar Inna. Umma ta ce kullum sai Inna ta kalla, kuma daidai inda na fara sunkuyawa take tsayar da shi.