Noelene Quirk da sakatar da ta kusa raba tsoho da gidansa

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a garinmu Tully na ƙasar Ostareliya ai ruwan ya fi yawa, Noelene Quirk takan ɗaga ƙofar shagonta da ke bayan gidan burodi. Takan fara ɗora shayi, ta share tururuwan da suka mamaye teburin aiki, sannan ta bi layin kayan da aka kawo mata gyara: fanka, dutsen guga, tukunyar shinkafa, da na'urar ɗumama abinci, maikirowef ɗin nan da ba gidan da babu. Shekara talatin da takwas ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin yatsunta sun fara ƙin riƙe ƙananan kusoshi.

Ni ce Beryl, mai kai wa tsofaffi abinci gida-gida duk Litinin, kuma na rantse ba za ta tafi shiru ba. Da na ce mata zan yi rubutu a kanta, sai ta harare ni ta saman tabarau. "Ke dai ba ki da aikin yi. To ki rubuta cewa sau uku kina kawo min butarki ta lantarki wai ta mutu, alhali soket ne ba ki kunna ba." Sau biyu ne, amma na ƙyale ta.

Shekarar da guguwa ta yaye rufin rabin gari, mutane sun ga Noelene tana bin unguwanni da tsohuwar motarta, tana duba firij ɗin da ruwa ya ci, tana cewa wannan zai tashi, wannan kar ku kuskura ku jona shi. Matar da ke sayar wa ma'aikatan injin rake abincin rana za ta gaya muku wanda ya tayar mata da murhu ana tsakiyar kakar yankan rake. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma da laifina a ciki.

Baba Ettore Bellotti, shekararsa tamanin da shida a lokacin, ya yi ƙuruciyarsa yana saran rake da adda. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a gidan da ya gina da hannunsa. 'Yarsa Loretta, da ke can birnin Brisbane, ta sa an cire masa murhun gas saboda hannunsa na rawa. Sharaɗinta ɗaya: muddin yana iya ɗumama abincinsa da kansa, ya zauna. Ranar da ya kasa, sai gidan tsofaffi kusa da ita. Ni nake kai masa robobi bakwai na daskararren abinci, ya riƙa cire ɗaya-ɗaya.

A daminar bara na lura ya rame. Na leƙa kwandon shara, sai ga taliya da nama, an ci gefe-gefe, tsakiyar ba a taɓa ba. Na ce, "Baba, abincin ne bai yi ba?" Ya ce ya ƙoshi ne. Na gwada na'urarsa ta ɗumama abinci da kofin ruwa, ruwa ya yi zafi. Ban yi wata-wata ba na buga wa Loretta waya, na ce ina jin tsoho ya fara manta yadda ake amfani da ita.

Loretta ta taso. Ita ma ta gwada, lafiya lau. Ta sa uban ya gwada a gabanta: fitila ta kama, faifai ya juya, ƙararrawa ta kaɗa, abinci ya fito da ƙanƙararsa. Ta ce lallai wani maɓalli yake dannawa ba daidai ba. Ta karɓo takardun gidan tsofaffi, aka sa Alhamis ma'aikaciyar lafiya za ta zo ta duba ƙwaƙwalwarsa. Loretta ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta, kuma ni na ɗora mata shi.

Ranar Laraba na shiga shagon Noelene ina ba ta labari, don kawai in rage abin da ke cina. Ta ajiye sukudireba.

"Wa ya rufe ƙofar na'urar lokacin da kika gwada?"

"Ni mana."

"Ke da kike rufe ƙofar mota kamar kuna da tsohuwar gaba? Tashi mu je."

A kicin ɗin Baba Ettore ba ta taɓa na'urar ba. Ta zuba ruwa a kofi ta miƙa masa. "Baba, yi yadda ka saba, ni kallo na zo." Tsoho ya sa kofin, ya tura ƙofar a hankali da bayan yatsunsa, ya danna minti ɗaya, daidai ba kuskure. Ruwa ya fito da sanyinsa. Loretta ta ce, "Kin gani ko?"

"Na gani. Zo ki yi, amma ki rufe yadda ya rufe. A hankali, ba kokawa ba."

Loretta ta yi. Ta tsoma yatsa a kofin, ta ji ruwan da sanyinsa.

"To, ke ma a cika miki takardar?" in ji Noelene.

Sai ta zare waya daga soket, ta kore mu gefe, domin ta ce cikin na'urar nan akwai wutar da ke maƙalewa ko an kashe, kuma tana kisa. Da ta sauke wutar, ta nuna mana. A bakin ƙofar akwai 'yan ƙugiyoyi biyu na roba, su ne sakatar. In an rufe, sukan shiga rami su danna ƙananan makunnai. Sifirin da ke jan ƙugiyoyin ya saki, mazaunin makunni ɗaya kuma ya goce. Mai ƙarfi in ya buga ƙofar, duka su dannu. Mai tausasa hannu kuwa, na fitila da faifai ne kawai ke dannuwa, wanda ke ba da zafi ba ya ji. Ta sa sabon sifirin, ta ɗaure mazaunin, ta auna da mitar gwajin wuta. Duka aikin bai kai shan shayi ɗaya ba.

Baba Ettore ya ɗauko robar taliya, ya rufe ƙofar a hankali yadda ya saba. Da ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "'Yar nan, mako uku ina cin gefen da ya narke, ina ɓoye sauran kada a gani. Da kowa ya gwada ta yi masa, sai na ce ashe gaskiyarsu ce, kaina ne ya tafi. Har na fara haɗa kayana."

Loretta ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, ka yafe min." Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma har yau in na tuna sai na ji ta. Noelene ta tattara kayan aikinta tana cewa, "Ku bar shi ya ci tun da zafi, kukan ya jira." Washegari ma'aikaciyar lafiya ta zo, ta yi masa tambayoyinta, ya amsa tas, har ya gyara mata yadda ake faɗin sunansa.

Noelene, ke ce mai kunnen jin abin da na'ura ke faɗa, mai haƙurin kallon hannun tsoho. Mu biyu masu ƙaunarsa, ni da 'yar cikinsa, muka yanke masa hukunci, ke kaɗai kika tsaya kika tuhumi ƙofa. Na san za ki ce sifirin kawai kika canja. Ki faɗa, ba wanda zai saurare ki. Mun gode, a madadin duk wanda kika shiga kicin ɗinsa ba tare da kin sa ya ji shi wawa ne ba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa yatsun nan.

Ku kuma masu tasowa a sana'ar, da mu masu tsofaffi a gida, mu ɗauki wannan daga gare ta: in tsoho ya ce abu ba ya yi, a fara gaskata shi, a tsaya a ga yadda yake yi, kafin a kira likita. Baba Ettore ya cika tamanin da bakwai a watan jiya, a kan barandarsa. Da na kai masa abincin makon nan, ya ce in ajiye kawai in tafi, zai ɗumama da kansa in ya gama ba tumatirinsa ruwa.