Gyaɗa a Cikin Salansa

Jama'a, yau motata ta soya gyaɗa.

Na ɗauko Baba, surukina, daga Dagumawa, muna hawa gadar Wudil tsohuwar motar nan ta fara tari, fitilar inji ta kama. Baba ya ce, "Wa yake suya a nan?"

Da ƙyar muka lallaɓa garejin Malam Sani makanike. Ya ce na'urar auna hayaƙi ce ta toshe. Yana kwance salansa, wato bututun hayaƙi, sai gyaɗa ta zubo, kusan kwano guda, ta soyu sarai! Ashe sati biyun da na ajiye motar a gindin rumbun Baba, ɓera ya mai da ita ma'ajiyarsa.

Baba ya ɗanɗana, ya dube ni. "Tawa ce. Kai yaro, 'yata na ba ka, ba gyaɗata ba."