Ƙafar Umma ta Hagu

Ina shekara ta huɗu a wani ɗakin gwaje-gwaje a Germantown, can ƙasar waje, Umma ta kawo mana ziyara daga Zariya. Aikina a kan jini ne, ko in ce a kan wani ɗan abu da ke yawo a cikinsa, RNA. Asalin mazauninsa cikin ƙwayoyin halittar jiki, can yake kai saƙonsa ba ruwan kowa. Idan ƙwaya ta ji rauni ta fashe, sai ya tsiyayo cikin jini, jiki ya ɗauka an yi ɓarna a wurin. Jini ya fara guda, jijiya ta fara kumburi. A bakin rauni wannan taimako ne, amma a cikin jijiya yana iya zama toshewa. Mu dai kullum muna nan muna auna yadda hakan ke faruwa a cikin 'yan kwalabe.

Abin yana da tsirfa. A fatar hannun mutum akwai sinadarin da ke narkar da shi, taɓawa ɗaya ta isa ta lalata aikin mako guda. Shi ya sa ba a taɓa komai sai da safar hannu, kuma a ɗakin nan kaf ba wanda ya kai ni mita a kan haka. Har tsokanata suke yi, wai ko gaisawa za a yi da ni sai an sa safa.

Ni ce 'yar farin Umma. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai, ko "waccan". Ba ta rungume ni, ba ta yaba ni a gabana. Abu ɗaya ne tsakaninmu: in ta dawo daga tafiya, ko unguwa mai nisa, sai ta zauna ta miƙo ƙafa ba tare da ta dube ni ba, ni kuma in kama matsawa. Tun ina 'yar shekara bakwai haka muke. A nan nake jin ɗuminta, a nan take ɗan ba ni labari tana kallon bango.

Da muka iso gidanmu na Greenbelt daga filin jirgi, ta yi salla, ta zauna a kan kafet ta miƙo ƙafa. Shekara biyar rabona da ƙafar nan. Na ɗauko man zafi ina murna kamar an yi mini kyauta. Cikin hira take gaya mini kujerar taga aka ba ta, maza biyu baƙi a gefenta, ta ji nauyin tayar da su. Ruwa ma ta ƙi sha don kada ya matsa mata, ga alwalarta da take riƙo. Tun da jirgi ya tashi ba ta motsa ba sai da ya sauka. Dariya na yi, na ce Umma ke nan.

Washegari sharaɓarta ta hagu ta fi ta dama kauri, ga zafi. Na ce gajiya ce. Na gasa mata da ruwan zafi, na ƙara danna wurin da ƙarfi, don nan take cewa yana ciwo. Kwana biyu ina haka, da safe kafin in kama hanyar aiki, da yamma in na dawo. A wurin aiki kuwa gudan jini nake kallo yini guda. Ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ni na san damin, har albashi nake ci a kansa.

Ranar Asabar da hantsi ina cikin matsa ƙafar, maƙwabciyata ta shigo gaishe da Umma, wata nas 'yar Jos, da kwanon gwate a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sannu da hanya," sai idonta ya sauka a kan hannuna. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar'uwa, cire hannunki. Ɗauko makullin mota."

Kafin ta rufe baki na gane. Duk abin da na sani ya dawo mini lokaci guda: dogon zama, rashin ruwa, ƙafa ɗaya mai kumburi, da gudan da in aka matsa yana iya ɓallewa ya bi jini ya tsaya a huhu. A asibiti hoto ya nuna shi kwance a jijiyar bayan gwiwa. Bai ɓalle ba. Allah ne ya tsare, ban da haka ni kam na yi iya ƙoƙarina na ɓalle shi. Likita ya sa mata maganin tsinka jini, ya ce ta riƙa tattaki, kuma kada a ƙara matsa ƙafar.

Ko RNA ɗina yana da hannu a gudan Umma, ban sani ba, ba kuma wanda zai iya rantsuwa. Abin da ya tsaya mini shi ne kunya, da tsoron hannuna. Na koma ina ajiye mata magani da ruwa a kan tebur in ja baya. Da yamma mu zaga tsakanin gidajen unguwa, tana gaba ina baya. In mun dawo ta zauna, ƙafar ta fara miƙewa da kanta, sai ta tuna ta janye. Sabo turken wawa. Ni kuma in shige kicin in kunna famfo, don kada ta ji ina kuka.

Ana saura kwana uku ta koma, muka dawo daga tattaki ta zauna a kan kafet. Na juya zan wuce.

"Ke," ta ce, tana kallon bango. "Likitan nan ƙafa ya hana. Ban ji ya ce komai a kan hannu ba."

Ta miƙo hannunta na dama. Na zauna na riƙe, ban matsa ba. Ta ci gaba da ba ni labarin wani bikin da aka yi a Tudun Wada.